Yadda Muntari Ya Tafi Cin Tsibirin Ƙanƙara

Ya kai mai karatu, gyara zama, domin alƙalami zai ambaci nasabar gwarzo, ba a kuwa jin irinta a tsaitsaye. Shi ne Muntari Kunnen Ƙashi, Sadaukin Majalisar Bakin Transifoma ta birnin Funtuwa, ɗan Ilu mai gyaran rediyo, wanda bai taɓa kwance akwati ba sai dai ya mare ta har ta yi magana, jikan Tanimu Mai Sauri, wanda aka ce za a aike shi Katsina ya isa can tun ba a gaya masa saƙon ba, tattaɓa kunnen Bawa, wanda ya tashi daga wurin ɗaurin aurensa kafin a shafa fatiha. Zuriya ce mai albarka, wadda tun kaka da kakanni ba a taɓa samun wanda ya tsaya ya ji ƙarshen magana a cikinta ba.

Abin da ya ɗaukaka Muntari a kan tsararrakinsa shi ne wani wasan yaƙi na kwamfuta. Ya yi damina ya yi rani yana fafatawa, har Allah ya ba shi nasarar sare Dodo Mai Kai Uku, abin da ya gagari duk samarin unguwa. Saboda wannan gagarumin futuhi majalisa ta mallaka masa kujerar roba mai hannu, ita kaɗai ce a wurin, sauran talakawa kuwa sai benci. Tun daga ranar Lurwanu mai shagon caji yake kallon kujerar nan kamar yadda kyanwa take kallon kifi a faranti.

Jarumin namu yana da ka'ida guda a fagen fama: ba ya sauraron kowa. Duk wanda ya buɗe baki a cikin wasan, rubutu ya fito a ƙasan allo, sai ya maka wa dogon maɓallin nan na ƙasa yatsa, zance ya wuce. "Surutun Turawa ne! Mu yaƙi ya kawo mu!" Ba don bai iya karatun ba, yana da difloma a ƙarƙashin katifa. Raini ne kawai, na gado. Akwai ma wani tsoho mai kwalekwale a bakin kogi a cikin wasan, wanda tun ranar da aka kashe Dodo yake ɗaga masa hannu duk sanda ya gifta. Muntari ya yanke hukuncin cewa maroƙi ne. In yana cikin raha ya tsallake zancensa, in ransa a ɓace yake ya hankaɗa shi cikin ruwa.

Ana nan sai bushara ta iso cewa masu wasan sun fitar da ƙari, wata sabuwar ƙasa mai suna Tsibirin Ƙanƙara, mai fararen dabbobi da takobi mai walƙiya. Muntari ya garzaya kasuwa wurin mai turi, mai tura wa mutane finafinai da wasanni, aka zuba masa ita a filas, ɗan abin nan na ajiyar bayanai, ya ɗora a kwamfutarsa. Sannan ya miƙe a tsakiyar majalisa, ya bugi ƙirji, ya ce ranar Asabar bayan La'asar kowa ya zo ya ga ya kafa tuta a tsibirin. "In ban kafa ba, a ba Lurwanu kujerar!" Babu wanda ya roƙe shi wannan rantsuwa.

Ya hau ingarmansa cikin sulke da kwalkwali, ya keta gabas ya keta yamma, ya leƙa kowane kogo, ya zagaye taswira har dokin ya san hanya da kansa. Ko ƙanƙarar sa wa a zoɓo bai gani ba.

Nan fa yaƙi ya tashi, irin wanda magabata ba su shaida ba. Ya kashe kwamfuta ya kunna, ya sake kashewa ya kunna. Ya zare filas ya tofa mata addu'a, ya hure ta, ya mayar. Ya tuhumi manhajar da ke gadin kwamfutar da cin amana, ya tuɓe ta daga muƙaminta ba tare da shari'a ba. Ya kai hari rumfar mai turi, ya kira shi azzalumi a gaban abokan cinikinsa. Bawan Allah ya fara cewa, "To ai sai ka je wurin wani tsoho da yake…" amma kafin ya kai aya tuni Muntari ya kai titi. Ya nemo bidiyon wani masani da ke bayanin matsalar dalla-dalla, ya ga mutumin ya cika gaisuwa, sai ya ja shi zuwa ƙarshe, ya tarar yana godiya ga masu kallo. Duk wannan gwagwarmaya, tsoho yana bakin kogi yana ɗaga hannu.

Da Asabar ta waye, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Muntari ya hango kansa a kan benci, cinya da cinya da mutanen da ko ɓera ba su taɓa kashewa ba, sai tsoro na gaske ya kama shi. Sai ya zaro makamin ƙarshe, maganin kowace cuta a wurin mutanenmu: fomatin, wato a share komai a sake sabon lale. Kwamfutar, baiwar Allah, ta fito da gargaɗi da manyan baƙaƙe, ta sake fitowa da shi. "Yau ko ni ko ke!" in ji Sadauki. Ya dunƙule hannu ya sauke mata naushi, har dogon maɓallin nan ya yi tsalle ya faɗa kwata. Fomatin kuwa ya wuce, ya share komai tas.

Bayan La'asar majalisa ta cika maƙil. Muntari ya ɗare kujera, ya buɗe wasan da ya sake ɗorawa. Sai ga jaruminsa a tsaye daga shi sai bante, riƙe da sanda. Babu doki, babu sulke, babu kawunan Dodo. Ya daure ya ruga da shi bakin kogi da ƙafa, ya yi karo da tsohon nan, rubutu ya fito. Yatsa ya kai sara bisa al'ada, ya tarar da rami. A karon farko a tarihin zuriyar Bawa, magana ta tsaya sai an ji ƙarshenta.

Lurwanu ya leƙo, ya gyara murya, ya fassara wa jama'a da ƙarfi: "Ya ce, wannan kwalekwale na zuwa Tsibirin Ƙanƙara ne, kuma ba ya ɗaukar kowa sai wanda ya kashe Dodo. Ya ce kai yaro ne tukuna, ka je ka taya matar mai gari kama kajinta." Sannan ya juyo cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, ba wannan ne maroƙin da kake jefawa a ruwa ba?"

Haka daular ta faɗi, ba a ko buga tambari ba. Masu tarihi sun tabbatar cewa har aka kira Magariba Sadauki yana ƙarshen benci, rabin mazaunansa a iska, yana bin kaji da sanda, kuma kajin sun fi shi gudu. Tsohon kuwa ko hannu bai ƙara ɗaga masa ba.