Rasuwar Kawu, Injin Motar Babanmu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni da ƙannena muke sanar da 'yan uwa, maƙwabta, direbobi, da duk wanda muka taɓa janyowa daga cikin laka, rasuwar Kawu, injin fetur mai silinda shida na motar mahaifinmu. Ya rasu a bayan garejin makanikenmu Guduma, a ƙarƙashin tamfol, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya san yana yi. Ba za mu iya faɗin ranar da rai ya yi halinsa ba, domin babu kowa a kansa. Ya tafi da alkawari guda a wuyansa, wato ya mayar da Baba gonarsa ta kan tudu ya gan ta sau ɗaya kafin ruwan bana ya rufe hanya.

Marigayin ya girme ni. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa wa masu haƙa rijiya mota mai jan ƙafa huɗu, da ya ajiye aiki sai suka bar masa ita, da injinta a ciki. Wata rana ina yaro na kira shi tsohon ƙarfe, Baba ya kama kunnena ya ce, "Kai, ka iya bakinka. Wannan ya riga ka zuwa gidan nan, kawunka ne." Daga ranar sunan ya bi shi, har 'ya'yana ma da shi suka tashi suka ji ana kiransa.

Duk wanda ya zauna da Kawu zai yi masa shaidar haƙuri. Da safe idan aka murza makulli, sai ya yi gyaran murya, kir-kir-kir, sannan ya ce gurrum, ya koma dugu-dugu-dugu a hankali kamar dattijo yana lissafin jikokinsa. Bai taɓa ɗaga murya a kan tudu ba. Idan aka saka ƙaramar giyar nan da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, sai dai ka ji ya ƙara zurfin gurnani, motar ta ɗaga hanci ta fara hawa. Ya ɗauki bututun rijiya, ya ɗauki buhunan taki, ya ɗauki saniya mai karyayyar ƙafa, ya ɗauki mata masu naƙuda daga inda ko keke ba ya shiga. Shi ya sauko da mahaifiyarmu, Inna, asibiti a ciwonta na ƙarshe, shi kuma ya mayar da ita gonar aka binne ta kusa da itatuwan mangwaron da ta shuka da hannunta.

Ba a tona asirin mamaci, amma abin da duk gidajen mai suka sani ba asiri ba ne. Kawu yana da ci. Lita ɗaya ba ta kai shi fiye da kilomita shida, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Masu zuba mai suna hango mu sukan miƙe tsaye da fara'a, wani ma har ya goge mana gilashi ba a sa shi ba. Sai dai zan faɗa masa gaskiyarsa ko a gaban wa: cinsa ɗaya ne. A kwalta shida, a yashi shida, da kaya shida, babu kaya shida. Bai taɓa yi maka alkawarin da zai saɓa a tsakiyar daji ba.

Da ƙafafun Baba suka gaza ya dawo hannuna da zama, motar ta zama tawa ta aiki. Ni malamin dabbobi ne, hanyata kullum inda garke yake, kuma garke ba ya zama a bakin titi. Farashin mai ya yi ta hawa har ya zamana ni nake yi wa Kawu aiki, ba shi yake yi mini ba. A nan ne mijin ƙanwata, mutumin kirki mai son lissafi, ya zo da shawara. Ya ce kowa yanzu cire manyan injinan nan yake yi, ana saka ƙananan masu silinda huɗu, lita ɗaya ta kai ka ninkin tafiyar da kake yi a da. Muka taru a ɗakin Baba, ni da shi da ƙanenmu Auta, muka yi ta zagaye-zagaye mun kasa fitar da maganar. Baba ne ya rage mana wahala. Ya ce, "Ku cire shi tunda ya fi ƙarfin aljihunku. Amma ku ajiye mini shi da kyau, akwai inda za mu je ni da shi."

Haka aka ɗaga Kawu da sarƙa, lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi. Aka ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi biyu a bayan gareji, aka lulluɓe shi. Aka saka sabon, wanda yara suka raɗa wa suna Baƙo.

Ranar gwaji mun yi murna, ba zan ɓoye ba. Muka zuba mai da ma'auni, muka hau kwalta ni da mijin ƙanwata, mota wayam, ko ƙafar safaya ba mu ɗauka ba don kada nauyi ya ɓata lissafi. Baƙo ya ba mu kilomita goma sha ɗaya a lita. Mijin ƙanwata ya yi ta dukan cinyarsa yana dariya. Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa ni ba a kwalta nake neman abinci ba.

Da na koma bakin aiki da akwatin sanyi na allurai, da durom na ruwa, da safaya biyu, da shebur, sai halin Baƙo ya fito. Motar nan gangar jikinta nauyi gare ta, an gina ta ne don mai ƙarfi. Inda Kawu yake wucewa da ɗan taɓa totur, Baƙo sai an take shi har ƙasa, a ƙaramar giya, yana ihu wiiii kamar an taka wa ɗan kwikwiyo jela. A yashi ya dawo shida. Da kaya a kan tudu ya sauka biyar. Abin da Kawu yake sha a zaune cikin natsuwa, Baƙo yana shanye shi a guje yana kuka, sannan ya nemi ruwa. Na kai ƙara wurin mijin ƙanwata, ya duba ni da tausayi ya ce, "Yaya, ai lissafin daidai yake. Hanyar taka ce ba daidai ba."

Damina ta zo ta wuce muna haƙuri. Da rani ya kama, likita ya ce zuciyar Baba ta yi rauni, idan akwai wata tafiya da yake so a yi, kada a yi ta jinkiri. Muka shimfiɗa masa matashin kai a kujerar gaba, muka kama hanyar gona da Baƙo. Hanyar nan sai an ƙetare rafi mai yashi, sannan a hau tudu mai duwatsu. Rafin mun ƙetare shi da haƙa da turi. A tsakiyar tudun ne Baƙo ya tafasa, warin kuloci ya cika mota, muka tsaya cak, Auta ya yi tsalle ya sa duwatsu a bayan tayoyi. Daga wurin ana hango kawunan mangwaron Inna, kore shar, saman ganyen kawai. Baba ya daɗe yana kallonsu ta gilashi. Abin da ya ce shi ne, "Sun yi tsawo." Muka gangaro da baya a hankali, muka juyo gida.

Kada wani ya ce me ya hana mu neman wata motar. Mun nema. Duk masu irin motar nan da muka sani sun cire nasu injinan, shawarar da muka ji su ma ita suka ji. Masu sababbin motoci kuwa suna jin sunan hanyar sai su tuna suna da uzuri. Babur ba zai ɗauki Baba ba, tarakta kuma likita ya ce jijjigarta za ta ƙarasa shi. Sai muka yanke shawarar a mayar da Kawu mazauninsa, ko da na wannan tafiya ɗaya ne. Da na gaya wa Baba, ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

Wanda bai san gareji ba, bari in gaya masa yadda ake zama a can. Duk abin da ya kwana a ƙasa ba ya motsi, abin aro ne. Ba sata ba ce, kuma babu mai ɗaukarta a matsayin sata. Mota ta zo a matse, kayan gyara ya yi nisa, sai a ce a cire na wancan a saka mata zuwa gobe. An ari kafireto zuwa gobe. An ari abin tayarwa zuwa gobe. Daga ƙarshe aka ari fulogi, ɗaya bayan ɗaya, aka bar ramuka shida a buɗe suna kallon sama. Tamfol ɗin ma an are shi na ɗan lokaci, aka dawo da wani mai huji. Kwanon rufin wurin kuwa yana ɗiga, daidai kansa. Damina guda cur Kawu yana shan ruwa, shi da ko a rafi bai taɓa yarda ruwa ya shiga cikinsa ba.

Guduma ya rantse mini, kuma na yarda da shi. Ya ce, "Wallahi Malam, ko noti ɗaya ba a sayar ba. Duk suna nan a hannun mutane, aro ne." An yi iya ƙoƙari. An ɗura masa baƙin mai da kananzir aka bar shi ya jiƙa. An sa sufana, aka zura mata dogon bututu, ƙarti huɗu suka rataya a jiki, ko gezau bai yi ba. Da aka buɗe kansa, sai ga tsatsa ja wur ta cinye bangon silinda, ta yi ramukan da babu injin gogewa da zai cike su. Guduma ya ajiye sufanar, ya cire hularsa. Ni kuwa na zagaya bayan wata tsohuwar bas na yi kukana, ban ji kunyar kowa ba.

Marigayin ya rasu ya bar kafireto, wanda yake aure yanzu a motar wani mai gidan burodi, kuma an ce yana zaune lafiya. Ya bar abin tayarwa a wata motar ɗaukar marasa lafiya, inda yake ci gaba da aikin alherin da ya gada. Ya bar fambel a injin niƙa. Ya bar fulogi shida, biyu a janareton wani mai aski, ɗaya a famfon ban ruwa, sauran ukun muna roƙon duk wanda ya san inda suke ya gaya musu abin da ya faru. Ya bar motar da suka yi zaman shekaru tare, tana tsaye a ƙofar gida da baƙo a ƙirjinta. Ya bar ni, da ƙanwata da mijinta, wanda tun ranar bai ƙara ambaton lita ba, da Auta, da jikoki masu yawa. Ya kuma bar babban amininsa, mahaifinmu.

Ni da Auta mun yi ta tura wa juna faɗa wa Baba, daga ƙarshe girma ya faɗo a kaina. Bai yi faɗa ba, na so a ce ya yi. Ya ce a kai shi. Muka ɗauke shi a kujerar roba muka ajiye shi a gaban Kawu, masu gyara duk suka tsayar da aiki. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen, inda ya saba taɓawa don ya ji ko ya yi zafi, ya bar shi a wurin. Guduma ya durƙusa zai fara ba da haƙuri, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Tashi, ɗana. Ni ma na yi aro a gareji, na san yadda gobe take." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ku bar shi ya huta, ya yi aiki. Maganar gona kuma ku daina wahalar da kanku. Na ga itatuwan, sun isa."

Za a ɗauki gawar marigayin ranar Asabar da hantsi daga garejin Guduma zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe, inda za a ɗora shi a sikeli. Motarsa ce za ta ɗauke shi a baya, Baƙo zai ja, kuma mun zaɓi hanyar da babu tudu. Muna roƙon masu sikelin kada su sa masa guduma sai mun juya baya. Waɗanda suke riƙe da kayan aro, Baba ya ce ya bar musu, kada kowa ya dawo da komai. Mai son raka gawa ya zo da laima, domin hadari ya fara haɗuwa ta wajen tudu.

Za a karɓi gaisuwa a gida bayan an dawo. Baba zai zauna a ƙofar ɗakinsa, ana iya gaishe shi a taƙaice, amma don Allah kada a ce masa za a samo wani injin, kada kuma a ce masa sai baɗi. Jiya ya sa aka fito da takalman dajinsa daga ƙarƙashin gado, waɗanda yake sa a goge masa duk mako tun da ya dawo hannuna, ya miƙa wa Auta. Za ku gan su a ƙafar Auta, sun yi masa daidai. Muna roƙo kada kowa ya yaba su.