Ranar da Tansiyona Ya Kori Unguwa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tashi unguwa guda tsaye a Arlit ba, ba bindiga ba sanda, daga ni sai tumbina.

Lokacin ina tuƙa kamyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, a kamfanin haƙar uraniyom. Shekarun nan ne da kasuwa ta faɗi ana ta zancen rage ma'aikata, ga fari ya koro makiyaya bakin gari, ga 'yan tawaye a cikin duwatsu. Kowa da takalminsa kusa da kai yake kwana. Ni kuwa in tsoro ya kama ni yunwa nake ji. In ci balangu da yaji da gishiri, in kora da shayi mai sukari kamar za a yi alewa, sannan in kwanta da rediyo a kunne ina neman labarin da zai hana ni barci. (Matata Rabi takan ce ni ne mutum na farko da fari ya sa shi ƙiba.)

Da aka zo awon lafiyar ma'aikata, likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya matsa, ya dube ni, ya sake matsawa. Ya ce tansiyona ya hau, wato hawan jini, kuma in na dawo awo na gaba bai sauka ba, zai raba ni da sitiyari. Direban da aka raba da sitiyari a lokacin rage ma'aikata ai sai ya ɗaure kayansa ya koma garinsu, ni kuwa daga Damagaram na zo da 'ya'yana biyar. Likita ya ce in rage gishiri da sukari, in kashe rediyo in yi barci, in riƙa takawa da ƙafa kullum da safe.

Takawa ya ce. Amma ni da garaje sai na ga tafiya ai ta tsofaffi ce. Na sha ganin Turawan kamfani suna gudu da gajeren wando, don haka na je gwanjo na sayo nawa har da kambas.

"Malam, likita fa tafiya ya ce," in ji Rabi.

"Ke dai ki kula da gishirin miya, ki bar mini espor, motsa jiki aikina ne."

Abin da ban tuna ba shi ne, Turawa a cikin shingensu suke gudu. A unguwarmu babban mutum ba ya gudu sai da dalili, balle a irin wannan zamani.

Ana idar da sallar asuba na canja kaya na zuba da gudu. Kafin in kai kwanar masallaci numfashina ya fara ƙarewa. A nan Inna Kulu take suyar ƙosai, wata tsohuwa 'yar Tawa da ta san kowa. Ta miƙe da matsami a hannu.

"Ɗana, lahiya? Mi ya faru?"

Na so in yi mata bayani, amma iska ba ta isa ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Tansiyo ne, Inna! Ya hau!" Na ɗaga hannu na wuce.

To, a Arlit na wancan lokaci, in an ce akwai tansiyo a gari, ana nufin zaman ɗar-ɗar, abu na shirin fashewa. Ni jinina nake nufi, ita kuwa ta ji 'yan tawaye.

Ban yi nisa ba na ji ƙafafu a bayana. Na ji daɗi har raina, na ce lallai na zama abin koyi. Sai wani tela ya wuce ni da kan keken ɗinkinsa a kafaɗa. Sai mata da goyo. Sai wani yana jan akuya tana turjewa. Can sai ga Inna Kulu da kanta, kaskonta a ka, ta wuce ni fuu kamar ina tsaye (wannan har yau yana yi mini ciwo). Na cafko hannun wani na ce, "Me ake gudu?"

"Sun shigo! Wani ƙato ya gan su da idonsa!"

Jama'a, in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Ni da nake shirin zubewa sai na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ina gudu ina salati, ina zagin kaina da na baro Rabi da yara, ina kuma gode wa ƙaton nan da ya faɗakar da mu. Ko kusa ban kawo cewa ni ne ƙaton ba.

A ƙofar jandarmomi muka taru. Babbansu ya fito yana ɗaura bel, ya ce wa ya gan su? Tela ya ce mai akuya ya gaya masa. Mai akuya ya ce mata ya gani suna gudu. Mata suka nuna Inna Kulu. Ita kuwa ta sauke kasko, ta bi mu da kallo, ta tsaya a kan gwiwoyina da ke waje.

"Ga shi nan! Shi yac ce tansiyo ya hau!"

"Nawa ne ya hau," na ce, murya can ƙasa. "Na jini. Likita ne ya ce in motsa jiki."

Sai akuyar nan ta saki kuka. Da ƙasa za ta tsage da na shige har da kambas. Sannan wani ya fashe da dariya daga baya, na waiga, ashe shef ne, shugaban garejinmu, Malam Yakubu mutumin Maraɗi, wanda ake jin ta bakinsa kafin a sallami direba. Zanen matarsa ne ɗaure a ƙugunsa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Na ce shi ke nan, yau aiki ya tafi. Dariyarsa ta kama kowa, har jandarma ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Mutanen da suka yi watanni ba su yi dariya ba suka yi ta har da hawaye, duk a kaina.

A hanyar komawa shef ya jero da ni. Ya ce, "Nawa ma ya hau, ban gaya wa kowa ba. Gobe ka biyo mini, amma da doguwar riga, kuma a hankali."

Haka muka fara. Kullum da safe mu zaga bayan gari, ni da carbina, shi yana rera waƙoƙin cocinsu ƙasa-ƙasa, muna gaida duk wanda muka tarar don ya ga lafiya lau ce. Miyar Rabi ta koma salam, na ci haka nan. Rediyo kuwa na bar wa yara. Da awo ya zagayo, likita ya matsa sau ɗaya ya ce in koma motata, aka yi ragin ma'aikata bai biyo ta kaina ba.

Abin da na koya shi ne, neman lafiya da gaggawa shi ma ciwo ne, kuma yana kama maƙwabta. In za ka gyara jikinka, fara sanar da mai ƙosan unguwarku.