Yadda Ake Tono Sunan Kaka Ba Tare Da An Buɗe Baki Ba

Ke 'yar'uwa, in kika bi matakan nan yadda na jera su, na ba ki tabbacin za ki gano asalin gidan mijinki har kan kakansa, kuma ba za ki ambaci sunan kowa da bakinki ba. Ni na gwada, ya yi. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan fannin a jikina na koye shi.

Mataki na ɗaya: Ki kasance nesa ranar da abin zai faru

Ni ina Doha, a unguwar Al Wukair, gidan ɗana na fari. Kin san ɗan fari ba a faɗin sunansa, don haka mu ce Injiniya. Na zo ne saboda matarsa Sauda ta yi nauyi. Ina yanka kuɓewa sai ga shi ya shigo da rana tsaka, ya tsuguna a gabana ko takalmi bai cire ba. Ya ce, "Inna, Baba." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Kafin la'asar an kai mijina Malam makwancinsa a Malumfashi. Dangi suka raba riguna, aka ba wani kekensa. Ni aka bar ni da wuƙa da kuɓewa.

Mataki na biyu: Ki tabbata mijinki bai taɓa amfani da sunansa ba

Duk gari Baballe suke ce wa Malam. Wannan ma da ƙyar hannuna ya rubuta. Laƙabi ne, don sunan kakansa aka sa masa, gidan kuwa ba mai iya faɗin sunan tsoho. Da laƙabin ya shiga makaranta, da shi ya yi katin zaɓe, da shi ya tsufa. Sunan yankan ya kwanta a ƙasa har aka manta inda aka ajiye shi.

Ni na ji shi sau ɗaya, ranar ɗaurin aurenmu, da sanƙira ya ɗaga murya a ƙofar gida ina ɗaki a lulluɓe. Na haɗiye shi. Yana nan.

To, likita ta duba Sauda ta ce namiji ne. Injiniya ya ce sunan babansa zai sa. Amma ba a yanka rago da laƙabi.

Mataki na uku: In an tambaye ki, ki yi fushi

Ya zo ya zauna, yana ta murza hula. "Inna, sunan Baba na ainihi fa?"

Na ce, "Tun da na haife ka, ka taɓa jin na faɗa?"

"Inna, ko a kunne ne."

"Kunnen wa? Tashi ka ba ni wuri."

Kowa ya ɗauka kunya ce, kuma kunyar ce. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashinta. Kowa ya samu rabonsa na Malam, ni wannan ne nawa, ban shirya a raba shi ba.

Ya buga wa gwaggonninsa waya. Ɗaya ta ce Isa ne, ɗaya ta rantse Musa ne, ta ukun ta ce ita yunwa take ji. Sai ya ce, "Khalas, takardu za su faɗa." In ɗanki ya fara cewa khalas, wato shi ke nan da Larabci, ki gyara zama, kallo ya zo.

Mataki na huɗu: Ki bar su su nemi takardun ƙidaya

Injiniya yana da aboki a Kaduna, Ɗantala, mutum mai son a aike shi. Shi ya shiga inda ake ajiye tsofaffin takardun zamanin Turawa, ya riƙa ɗaukar hoto yana turowa. Aka samu garin, aka samu unguwar majema inda kakan Malam ya zauna, har aka samu gidan. Injiniya ya tara mu a falo, ya ƙara girman hoton da yatsu biyu, ya karanta sunan mai gidan da ƙarfi.

An rubuta: Maigida.

Ashe ranar da mai ƙidaya ya je, tsohon yana gona, matarsa aka tambaya daga bayan zana. Allah Ya jiƙan wannan baiwar Allah. Ban taɓa ganinta ba, amma na san da mun haɗu da mun shirya.

Mataki na biyar: Maƙabarta

Nan ba sai kin wahala ba. Mu ba ma rubuta suna a kan kabari. Ɗantala ya je har Malumfashi, ya kunna mana waya muna gani. Mai gadin wurin ya nuna gabas da sanda ya ce mutanen da duk suna wajen kukar can. Ɗantala ya ce wace kuka. Ya ce wadda ta faɗi shekarun baya.

Sai wayar ta juya, na hangi wata sabuwar ƙasa da ƙaya a kanta. Makwancin Malam ne. Na ce ina da tukunya a wuta, na tashi. Ba ni da komai a wuta.

Mataki na shida: Kada ki raina gidan yari

Sauda ta haihu, ranar suna tana matsowa, an ma sayo ragon. 'Yarsu Jannat ta riga ta fara ce wa jaririn Bebi, na ce in ba a yi hankali ba shi ma haka zai tsufa.

A nan Ɗantala ya faɗo kan littafin 'yan fursuna. Ki sani, talaka in bai yi laifi ba, hukuma ba ta damu ta rubuta sunansa daidai ba. Mutum uku aka samu daga unguwar majema. Injiniya ya zauna yana karantawa yana fassara mana, ni ina yi wa Sauda kunun kanwa.

"Na farko Aruna. Ya ƙi fita aikin hanya, ya gaya wa Bature magana a fuska." Ya dube mu yana murmushi. "Wannan ne namu. Jarumi."

Na ce, "Aruna? Allah Ya ba mai shi."

"Na biyu Ja'afaru, dambe a kasuwa."

Na ce, "Ja'afaru ai sai dai gidan mahauta."

Sai ya karanta na uku. Laifinsa, ya ga keken Bature a jingine, ya hau don ya ji yadda ake ji, ya zarce da shi cikin kududdufi.

Ludayin ya tsaya a hannuna. Ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuska ba.

Injiniya bai lura ba, yana ta yabon Aruna. Sauda ce ta ce, "Abban Jannat, dakata. Inna ta maimaita biyu. Na ukun fa?"

Injiniya ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Inna, mai kududdufin?"

Na ce daga cikin mayafi, "Ubanka ma muna amare ya zuba ni a kwata daga bayan keke, ya tashi ya fara duba keken."

Ya yi dariya har ya kwanta a kan kafet, daga nan dariyar ta koma wani abu. Na bar shi ya gama, ni ma ina da mayafi.

Mataki na bakwai: Ki ci naman suna

Aka raɗa wa yaro suna. Direbobi da masu gadi 'yan gida suka zo daga unguwar Al Muntazah, likitoci suka zo da turare, kowa na cewa yalla, wato maza, a zuba masa. Kafin a kwashe kwanuka an fara ce wa yaron Baballe, don uban ba zai iya kiran sunan ubansa ba, uwar ba za ta kira na surukinta ba. Duk wahalar Ɗantala, sunan ya fito ya sha iska ya koma ɗaki.

Gargaɗi

In kin bi matakan nan kika tono ɓarawon akuya, ba ruwana. In kika tono jarumi, ki sake dubawa, wataƙila na maƙwabta ne. Kuma kada ki aiko ki ce in gaya miki sunan, ba a nan za ki gan shi ba. Mutum ɗaya nake gaya wa. Kullum da safe in na gama yi masa wanka, na naɗe shi a zane, sai in duba ko Sauda tana kicin, in sa bakina a kunnensa in kira shi sau ɗaya, a hankali. Yakan buɗe ido ya dube ni. In ya fara magana zan daina.