Ranar da Na Hana Kakan Dina Fita

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a shekarar 2011 ba, lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare kusa da wani gari da ake kira Clinton, can ƙasar Turawa. Darasin makon a kan Yahudawan Tarayyar Sobiyet ne, waɗanda aka rufe wa wuraren ibada, aka hana su koyar da Ibrananci, in kuma sun nemi barin ƙasar a ƙi, a kore su daga aiki.

Ni kuwa a lokacin ji nake babu malama kamata. Na ce karatun littafi ba zai shiga kan yaran nan ba, wasan kwaikwayo za mu yi. Na mai da teburina ofishin ba da izinin fita, na sassaƙa hatimi da dankalin turawa, na ari hular sanyin maigidana mai rufe kunnuwa (ya tambaye ni me zan yi da ita a watan Mayu, na ce aikin ilimi ne). Ga shi an sanar da ni cewa wani jami'i daga ofishin ilimi zai zo duba koyarwata a makon, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki.

Yara suka yi layi da takardunsu, ina buga hatimi ina daka tsawa da wata muryar Rashawa da na tsinta a finafinai. Ana cikin haka wani dattijo sanye da kwat ya shigo a hankali, ya zauna a baya. Na ce a raina ga mutumin, yau zai ga koyarwa. Na yafito shi ya shiga layi. Ya taso ya shiga.

Na tambaye shi dalilin da ya sa yake son barin ƙasa.

"Mahaifiyata tana waje, ba ta da lafiya," in ji shi.

Har na yaba masa a zuci, na ce jami'in nan ya iya wasa. Na buga dankalina da ƙarfi, na ce an ƙi, ya san sirrin gwamnati, ya dawo bayan shekara goma. Yara suka yi dariya.

Ya dubi takardar, ya ce, "Malama, ba haka suke yi ba. Ba sa tsawa. Matar da ta faɗa mini ko kai ba ta ɗaga ba, shayi take sha."

Sai Dina, wata ɗalibata mai shiru-shiru, ta ɗaga hannu ta ce kakanta ne, kuma ni da kaina na amince ya zo yau ya yi mana magana. Gaskiya ta faɗa. Makonni biyu kafin nan ta tare ni a bakin ƙofa, na ce mata to, hankalina yana wani wuri.

Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne "Sannu da zuwa, Baba," da Hausa tsantsa. Ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Ya zauna a gefen tebur ya ba mu labari, ba tare da ɗaga murya ba. Injiniya ne, washegarin da ya miƙa takardar neman fita aka sallame shi, ya koma hura wutar tukunyar ɗumama gidaje. A kicin ya koyi addu'o'in addininsa, labule a sauke. Shekara takwas ya yi yana jira, mahaifiyarsa ta rasu kafin a bar shi ya fita. Ajin nan da ba ya minti biyu babu surutu ya kasa kunne har ƙarshe. Ni kuma ina tsaye ina zufa, sai da aka kaɗa ƙararrawa na tuna hular tana kaina.

A waje na ba shi haƙuri yadda ya kamata. Ya ce ba komai, ya ji daɗi da wani ya damu ya koyar da abin, sai dai lafazin Rashancina laifi ne mai zaman kansa.

Tun daga ranar, duk wanda ya shigo ajina sai na ji sunansa da abin da ke tafe da shi kafin in ce uffan. Baƙin cikin mutane kuwa na daina kwaikwayonsa, domin mai shi yana iya kasancewa a kujerar baya.