Layar da na sa wa Malama Rifkatu

Ko zan manta komi na zamana a sakandaren Bodinga, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi ƙure Malama Rifkatu ba.

Kirista ce, 'yar Zuru, ita ka koya muna Turanci. Lokacin na yi sati biyu ban leƙa aji ba (ina kasuwa wurin lodin albasa), tac ce ran Juma'a za ta je ta gaya wa Baba. Baba kuwa ladan ne, bulalarshi ba ta san ɗan fari ba.

Sai wani abokina ya kai ni wurin wani boka can bayan Dandin Mahe. Ya amshe zakaran Inna da na sato, yac ce in rubuta sunana da na uwata a takarda. Ya naɗe da baƙin zare, wai in tura cikin durowar teburinta, bakinta zai ɗaure. Haka kuwa na yi.

Ran Alhamis tana karanta muna labarin wani tsoho mai sanda da ke mai da mutane kwaɗi. Ni kuwa ina ji da layata, na ɗaga hannu.

"Malama, ba addininku ya hana tsafi ba? Ya kike koya muna shi?"

Aji ya ɗau shewa. Ita ko a jikinta.

"Wannan labari ne, kamar tatsuniyar gizo. Ka taɓa ganin wanda ya roƙi gizo biyan buƙata? Abin da aka hana mu shi ne mutum ya bar Allah ya kai kukansa wurin boka. Ku ma ina jin haka ne, ko?"

Na buga ƙirji nac ce, "Ai mu ko hanyar gidan boka ba mu sani ba."

Ta jawo durowa, ta fiddo ƙullin, ta warware zaren a natse.

"To wannan fa? Tun shekaranjiya na gan shi. Sunanka ne da na mahaifiyarka. Ga kuma jan birona a bayan takardar, biyu bisa goma."

Daga littafin gwajina na yago ta. Takarda duk duniya, ita na samu.

Ran Juma'a ta je gidanmu. Maganar fashin aji kaɗai ta yi, ba ta ambaci laya ba. Na sha bulala goma sha biyu ina gode mata a zuci, don da Baba ya ji sauran, da yanzu a Shagari nike zaune wurin kawu.

Har yau abokaina "Boka" suke kirana, Inna kuma tana tsine wa muzurun da ya ci zakaranta, ina cewa amin a hankali. Tun ranar, in zan ƙure mutum, sai na fara tuna abin da na aje a durowarshi.