Kuɓewar Inna Hindu a Kan Faifan Intanet

"Lahiya lau, ragon miji. Sai yanzu ka ga damar gaishe ni?"

Inna Hindu ta faɗi haka ba ta ɗago ba, tana ta tsince waken da ta riga ta tsince tun da safe. Armiya'u jikanta ne, tun yana rarrafe take kiransa mijinta. Ya durƙusa a bakin tabarma kamar kullum, sai dai yau tsohuwa ba ta son haɗa ido da shi.

Jiya ne wani kamfani ya yi masa intabiyun aiki ta kwamfuta. Saboda ranar ya sayar da babur ɗinsa, ya sayo farin faifan nan mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, aka kafa a rufin madafa. Ita kuwa baiwar Allah, da ta gama yanka kuɓewa, ta duba gidan kaf tana neman wurin shanya, ba ta ga inda kaji da awaki ba za su kai ba sai faifan, ga shi shimfiɗe yana kallon rana. Ta taka turmi, ta ɗora tiren ƙarfenta a kai, ta tokare da dutse, ta yi tafiyarta gidan suna. Da ta dawo ta ji ana cewa magana ta yanke wa yaro a tsakiya, sai a lokacin ta tuna mai kafa faifan ya ce ko tsumma kada a ɗora. Ta lallaɓa ta sauke tiren, ta tura ƙarƙashin gado. Kunya ta hana ta ko cin tuwo.

"Amarya, na ga kin yi sanyi yau. Ko tsufan ne ya motsa?"

"Tsufa gidanku. Ni takaicinka nake ji. Ban ce ka jira wayar intanet ta gwamnati da aka binne bakin titi ba? Ka ƙi, ka kwashi babur ka sayo faranti."

"Wayar da aka binne tun kina da haƙora? Gero ya tsiro kanta, an girbe, ya sake tsirowa."

"Ko ba komai ba ta taɓa yanke wa kowa magana ba."

"Abin da bai taɓa kamawa ba, ta ina za shi yanke?"

"Ita dai ta san mutunci, tana kwance ƙasarmu, kuma an ce talaka za ya iya. Taka ta sama kuwa kowane wata sai ka ciyar da ita, ni matarka ko goro ba ni gani. Hadari ya yi tari kaɗan, ta arce."

"Jiya ai babu hadari, Inna."

Hannunta ya tsaya cikin waken. Ta gyara kallabi, ta kori wata kaza da ba ta yi mata komai ba.

"To mi ya same ta?"

"Masu tauraron sun aiko mini. Sun ce daga can sama sun hango wata tsohuwa bisa turmi."

"Ƙarya suke. Tsofaffi nawa ne a Birnin Tsaba? Turmi kuwa kowane gida da akwai."

"Sun ce mai shuɗin zane, gajera, tana ɗage kamar mai satar mangwaro."

"Shuɗin zanen anko ne, mu da yawa muka yi."

"Sun kuma ce intanet ɗin ya iso musu da yauƙi. Yanzu haka suna can suna wanke tauraro da toka."

Dariya ta taso mata, kunya ta danne ta. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Idona. Ina ɗaki ina ta kashe akwatin intanet ɗin ina kunnawa, ban kawo rufi a raina ba. Sa'ad da na fito na ɗaga kai, lokacina ya wuce. Na bar miki tiren nan don kuɓewar ta ƙarasa bushewa, kada a yi asara biyu."

Ta ture kwaryar waken gefe. Wannan karon babu ragon miji a bakinta.

"Aikin fa?"

"Sun ɗauki wani."

Ba ta san sa'ad da ta ja bakin kallabi ta rufe fuska ba. Yaron da ya daɗe da gama karatu yana zaune, babur ya tafi, aiki ya tafi, duk a kan miyar da ba a ma kaɗa ba.

"Ni na yi, Armiya'u. Kwance tunkiyar can ka kai kasuwar Shinkafi."

"Tunkiyar da ta fi ki ƙashi? Kuɗin mota za a ce in ƙara."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Saki ɗaya na yi miki, sai kin dama mini fura in maida ke." Ya yi dariya, ya janye kallabin daga fuskarta. "Kin ci, Inna. Taki ta ƙasa ta fi, tunda babu mai shanya a kanta. Wani aikin za ya zo."

Ta yi 'yar dariya don kada ya ji nauyi, ta ce masa ja'iri. Ta jira har ya fita masallaci, sannan ta dafa bango ta miƙe, ta kwance tunkiyar da kanta, ta ja ta har ƙofar ɗakinsa ta ɗaure.