Kekenmu Ya Tafi Asibiti, Ya Bar Mai Shi

Yau da safe, jama'a, keken mai ɗakina ya kama hanyar asibiti shi kaɗai, ita kuwa tana zaune kan benci a ƙofar gida tana kallon bayansa.

Wata huɗu muna jiran ranar nan. Likitan ƙashi ya ce ƙarfe goma, kuma wanda ya makara sai ya sake jiran wata huɗu. Ita ko gwiwoyinta sun riga sun ajiye aiki, sai keken guragu. To, kun ji a rediyo cewa masu girma sun sayo motoci na musamman, sun horar da direbobi don kai irinsu asibiti. Allah ya saka musu. Na kira lambar, ƙarfe tara sai ga mota fara fes, da direba cikin sabuwar riga, satifiket manne a gilashi.

"Mama, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Kwana biyar muka yi muna bita a otal, hawa na huɗu."

Na ce, "Hawa na huɗu? Masu keken fa, ta ina suka hau?"

"Ai Baba, lif ya lalace. Da keke ba kowa a ciki muka koya."

Ya zagaya baya. Ƙarfen da ake shimfiɗawa a tura keke cikin mota yana nan cikin ledarsa, da kwaɗo. Mabuɗi na wurin Mai Girma Mai Almakashi, mai yanka ƙyallen buɗe ayyuka, sai ranar da ya samu sukunin ƙaddamarwa. Ban ga laifinsa ba. Abu mai tsada irin wannan, ai ba a barin talaka ya taka shi kafin 'yan jarida su gani.

"Mama, ɗan sauka in sa keken."

"Ɗan nan, da ina iya sauka, da kai zan kira?"

Ni da maƙwabcina tela muka ciccibe ta muka ajiye kan benci. Nan fa na ga aikin ilimi. Ya ɗaga keken ya sa a mota, ya danna masa birki, ya ɗaure ƙafa huɗu, ya girgiza, ya sake girgizawa, ya duba takarda ya yi maki. Ya rufe ƙofa, ya shiga, ya tayar, ya tafi. Haka ya yi sau ashirin a otal ana tafa masa, kuma ba a taɓa barin kowa a benci ba.

Mai ɗakina ta dube ni. "Malam, kai ma tsayawa za ka yi kana yaba masa?"

Sa'armu ɗaya, an koya musu tafiya a hankali. Tela, da tumbinsa da silifas, ya kamo shi a ƙafa kafin ya sha kwana. Direba ya dawo yana gumi, ƙarfe tara da rabi.

"Mama, wallahi ba a kawo nan a bita ba."

"To yanzu za a kawo. Ajiye takardar nan. Ni za ka tambaya, ba mijina ba, don ba shi ke ciwo ba. Kafin ka ɗaga ni ka faɗa mini. Kama nan, ba hammata ba, ni ba buhu ba ce. Bel ɗin nan a ƙugu yake zama, ba a wuya ba, sai in gado kake nema. In ka ga rami ka ce rami."

Duk hanya yana cewa "Rami, Mama," tana cewa "Na ji." A titinmu kuwa bakinsa bai huta ba. Goma saura minti uku muka shiga, likita ya gan ta.

Da muka dawo ya tsuguna ya ce, ko gobe zai iya kawo abokan aikinsa biyu? Ta ce su zo, ajinta a ƙasa yake, ba shayi, ba satifiket.

Don haka ina roƙonku, kada kowa ya gaya wa Mai Girma Mai Almakashi. In ya ji an buɗe makaranta a ƙofar gidana, zai aiko a sa wa matata leda da kwaɗo sai ya samu sukuni.